Kunnen Mijin Yayata

Na daɗe ina zaton ni na fara gane cewa Heber ba ya ji sosai, ashe yayata Nibia ta riga ni nesa ba kusa ba. Heber mijinta ne, kuma shi ke kaɗa mata jita tun kafin su yi aure. Ita tana tsaye tana rera waƙar tango, shi yana zaune a hagunta a kan kujera marar hannu, ƙafa ɗaya bisa ɗan katako. Haka mutanen birnin Montevideo suka san su shekara talatin da 'yan kai. Ni kuwa Waldemar, autan gidanmu, ba na waƙa ba na kiɗa. Tsohuwar motar ɗaukar kaya gare ni, kuma duk inda za su yi wasa ni ke kai su.

A watan Yuli, tsakiyar lokacin sanyi a wajenmu, ba na samun sukuni. Hukumar birni kan shirya wasannin sanyi, kusan kullum akwai kiɗa a wata unguwa, da yamma tun da sauran haske, don tsofaffi su koma gida kafin iskar kogi ta fara yanka kunne. Yau masu goge da sarewa a wani coci a Unión, gobe masu kiɗan kumbiya a ɗakin ƙwallon kwando na La Teja, jibi masu gangunan kandombe, gata 'yan jaz ko samarin nan na rok masu gashi har kafaɗa. Kayan da yawa daga cikinsu ni ke kwasa. A bayan motata sai ka ga ƙaton goge kwance cikin bargo kusa da lasifikar da ta fi shi nauyi.

A wannan shekarar an ba Nibia wasa biyu. Na farko a unguwar Cerro, a zauren tsohuwar ƙungiyar ma'aikatan mayanka. Na biyu a ƙarshen wata, a babban gidan wasan da ke tsakiyar gari, inda ta sha shiga kallo amma ba ta taɓa hawa dandamalinsa ba.

Ranar wasan Cerro na ɗauke su bayan cin abincin rana. Heber ya zauna a tsakiya rungume da filas ɗin ruwan zafi da ƙoƙon shayinsa na mate, Nibia tana gefen taga ta naɗe wuya da mayafi har baki.

Na ce, "Heber, ka kulle ƙofa kuwa?"

Ya ce, "Ƙafar da sauƙi, sanyi ne kawai ke tayar da ita."

Na buɗe baki zan yi masa tsiya kamar yadda muka saba, sai Nibia ta leƙo ta bayan kansa ta harare ni. Na haɗiye dariyata.

Zauren rufin kwano ne, kuma na'urar ɗumama ɗakin ta ƙi tashi. Mutane sun cika duk da haka, kowa da babbar rigarsa, wasu tsofaffin mata har da bargo a cinya. Nibia ta ce ba za ta cire kwat ɗinta ba, gara a ce ba ta yi ado ba da muryarta ta dishe. Kwat ɗin doguwa ce, ta sauka har ƙasa. A lokacin ban san abin da hakan zai jawo ba. Ashe ta daɗe tana buga masa dunduniya a hankali yayin da take waƙa, shi kuma yana bin ƙafarta da ido.

Waƙa biyu suka wuce lafiya. Suna shiga ta uku ruwa ya sauko kan kwanon nan kamar ana zuba tsakuwa. Ina tsaye a bayan labule na ga Heber ya ɗan karkato da kai wajenta, ya kalli ƙasa, babu abin gani sai gefen kwat. Ya ci gaba da kaɗawa da abin da ke kansa. Sannu a hankali ya wuce ta. Ta bi shi da sauri, ya ƙara gaba. Can ya kai ƙarshe, ya buga bugun rufewa da ƙarfi, ya ɗago kai yana murmushi yana jiran tafi. Ita kuwa da sauran baiti guda a bakinta.

Ta rera baitin ita kaɗai, ba jita, ga ruwa yana dukan rufi. Mutane suka yi tafi sosai, na tabbata wasu sun ɗauka salo ne. Amma Heber ya ga bakinta yana motsi bayan ya gama. Murmushin ya tsaya a fuskarsa na ɗan lokaci, sannan ya sunkuyar da kai yana murɗa kunnen jita kamar tsirkiya ce ta saki.

Suka ƙarasa sauran waƙoƙin da ƙyar, ta matso kusa da shi tana ɗaga hannu tana saukewa.

Da muka isa gida na so in sauke kaya in wuce, Nibia ta ce in shigo. Ta ɗora mai a wuta ta fara soya wainar fulawar da kowa ke soyawa ranar ruwa. Tana juya baya ta yi magana, ta tuna ba zai ji ba, ta juyo ta fuskance shi.

"Heber, kunnenka ya tafi."

"Ruwan nan ne. Waye zai ji wani abu a ƙarƙashin wannan kwano?"

"A bikin 'yar Olivera ruwa aka yi? A gidan rediyo fa?"

Ya juyo gare ni. "Kai, direba, faɗa mata. Kai ma ka ji abin da take rerawa?"

Na ce, "Na ji, Heber."

"Munafuki. Dama jini ya fi ruwa kauri."

Nibia ta tsame waina ta ajiye a gabansa. "Tun bara nake riƙe da kai da ƙafata. Na gaji, kuma tsoro nake ji. Babban gidan wasan nan ba Cerro ba ne, ba 'yan unguwa ba ne da za su rufa mana asiri. Zan kira Maite."

Maite ɗalibarsa ce a da. Tun tana 'yar makaranta uwarta ke kawo ta gidan ranar Asabar, yanzu ta zama cikakkiyar mace, tana kaɗa jita da wasu 'yan jaz a Pocitos.

"Maite," in ji Heber. "Yarinyar da na koya wa yanke farce."

"Ita. Wa ya fi ta sanin hannunka?"

Bai taɓa wainar ba. Ya tashi ya ɗauki jitar da akwatinta, ya taka kujera ya ɗora ta saman kwaba, ya shiga ɗaki ya rufe.

Bayan 'yan kwanaki Nibia ta kira ni a waya. Ta ce, "Walde, don Allah ka zo ka riƙa fita da shi. Maite na zuwa gwaji, shi kuma ya zauna a falo da jarida a juye kamar mai zaman makoki. Yarinyar ko tsirkiya ta kasa taɓawa."

Washegari na tsaya a ƙofar gidan na danna ham har sai da maƙwabta suka leƙo. Ya fito da silifas.

Na ɗaga murya na ce, "Bayana ya riƙe, ina neman yaron mota. Aikin ba albashi, amma akwai zagi."

"Ka rasa wanda za ka ɗauka sai mijin yayarka?"

"Kai kaɗai na sani marar aikin yi."

Ya zage ni, ya koma ya sa takalmi, ya fito da filas ɗinsa.

Haka muka shiga zagaya gari tare. A cocin Unión muka shigar da kujeru da abin ɗora takardun kiɗa, muka zauna a baya. Masu goge huɗu ne da mace mai sarewa. Heber ya ƙura musu ido, hannuwa suna hawa suna sauka, can ya taɓa ni ya tambaya da ƙarfi, "Sun fara ne?" Wata mata a gabanmu ta juyo ta sa yatsa a baki. Ya tashi ya fita, na same shi a mota yana shan mate. A wajen 'yan kumbiya ya ce yana jin dukan ganga mai nauyi, amma mawaƙin kamar kifi yake, baki kawai yake buɗewa. Ranar kandombe a Palermo masu ganga suka hura wutar tsofaffin jaridu a gefen titi suna gasa fatun don su ɗaure. Heber ya tsaya cikinsu yana jin ɗumi, sun san shi, ana ta "Malam Heber, ina uwargida?" Ya ce tana gida tana hutawa.

Wata ranar Laraba aka ba ni kayan wasu 'yan rok da za su yi wasa a wani tsohon garejin bas a Goes. Shugabansu wani dogon saurayi ne, Facundo, da zobe a hanci da ladabi kamar ɗan limami. Muka sauke lasifikoki har bayanmu ya gaya mana. Facundo ya miƙo mana auduga.

"Baba, ku toshe kunne. Mu ba ma wasa da sauƙi."

Na karɓa na cusa. Heber ya dubi audugar ya ce, "Ɗana, ka ba mai buƙata."

Garejin ya cika da samari da 'yan mata cikin baƙaƙen kaya, numfashinsu yana fita kamar hayaƙi. Da aka buga na farko sai da na ji haƙorana sun kaɗa. Na ja baya har bakin ƙofa. Da na waiga ban ga Heber ba. Can na hango shi gaba, dab da babbar lasifika, tsoho mai hular ulu da filas a hammata, yara suna tsalle suna bangazar juna kewaye da shi, shi ko gezau. Wata yarinya mai koren gashi ta tsaya a bayansa tana kare shi da hannu kada a ture shi. Bai motsa daga wurin ba har aka gama.

Muna loda kaya Facundo ya zo yana share gumi. "Yaya, Baba? Mun kashe ka?"

Heber ya ce, "Mai jitarku na hagu yana da hannu. Kai kuma ihu kake yi, ba waƙa ba."

Yaran suka fashe da dariya, Facundo ya fi kowa. Ya ce duk ranar da suke wasa Baba ya zo, ba sai ya yi dako ba.

Muka kama hanya a mota har muka wuce kasuwa. Sannan Heber ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Walde, na ji komai. Kowace tsirkiya. Kiɗan banza ne, amma na ji shi daga farko har ƙarshe."

Na ce to.

"Na manta yadda abin yake. Ashe tuntuni ba kiɗa nake ji ba, tuna shi nake yi." Ya zuba ruwa a ƙoƙo ya miƙo mini. "Ka san inda likitan kunne yake?"

Na kai shi ranar Juma'a. Likitar ta sa shi a wani ɗan ɗaki ta rufe masa kunnuwa da abin saurare, ta ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ta gilashi nake kallonsa, yana zaune tsaf hannunsa a cinya, ita kuwa tana ta danna maɓalli. Da suka fito ta ce kunnuwan biyu ne, na hagu ya fi lalacewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Akwai na'urar da za ta taimaka, amma sai an auna an aiko da ita, ba za ta iso ba sai cikin Agusta.

"Kuma ka nisanci wuraren ƙara mai yawa," in ji ta.

Ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ka riƙa yi wa ƙanin matarka biyayya."

Da na mayar da shi gida muka tarar da Maite a kicin ita da Nibia suna gwaji. Maite ta miƙe tsaye da jita a hannu. "Malam, sannu da zuwa."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yatsunta. Ya jawo kujera ya zauna dab da ita har gwiwarsu na gugar juna. "Ci gaba."

Ta kaɗa, Nibia ta shiga. Ba su yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"A nan take jan numfashi. Ba a rubuce yake ba, amma kullum a nan take ja. Ki jira ta. In kin wuce, za ta bi ki a guje, kuma ba ta da huhun gudu yanzu."

"Wa ya ce ba ni da huhu?" in ji Nibia.

"Ni da na zauna kusa da shi tun kina da ƙugu."

Ta jefe shi da tsumman goge kwano. Maite ta rasa inda za ta sa idonta. Suka sake daga farko. Daga ranar bai ƙara fashin gwaji ba, sai dai ba kullum abin ke tafiya lafiya ba. Maite tana da nata salon, takan cusa wasu sautuka na jaz a tsakanin baitoci. Shi ba ya jin su sosai, amma yana ganin yatsunta sun je inda bai koya mata ba. Wata rana ya ce mata tango ba miya ba ce da za a yi ta zuba kayan ƙamshi. Ta ce, cikin ladabi, "Malam, Anti Nibia ce ta ce in bar shi." Ya dubi matarsa, ta ce e, tana son shi haka. Ya fita tsakar gida ya daɗe yana duba itacen lemon da ba abin da ya same shi.

Ranar babban wasan sanyi ya yi tsanani amma ba ruwa. Heber ya sa kwat ɗinsa ta wasa da ɗamarar wuya, ya karɓi akwatin jitar Maite ya ce shi zai riƙe. Mai gadin ƙofar baya ya gan shi da jita ya ce, "Makaɗa ta nan." Heber ya ce, "Ni ɗan dako ne," ya miƙa wa Maite kayanta, muka zagaya ta ƙofar 'yan kallo.

Kujerunmu na layin gaba. Kafin Nibia wasu matasa masu waƙoƙin karkara suka yi nasu da abin kiɗan nan akodiyan, bayanta kuma ƙungiyar mawaƙan jami'a ce za ta rufe. Da aka kira sunanta ta fito cikin doguwar riga ruwan toka, Maite ta zauna a hagunta. A waƙar farko Nibia ta waiga hagu kamar yadda ta saba, ta ga ba shi ba ne, muryarta ta ɗan yi rawa. Ta kama kanta ta ci gaba. Daga nan kuwa ban taɓa jin yayata ta yi waƙa kamar ranar ba, kuma gaskiya jitar Maite ta ƙara mata. Heber yana gefena, yatsun hannunsa na hagu suna tafiya a kan gwiwarsa. Da mutane suka miƙe suna tafi shi ma ya miƙe.

A ɗakin canza kaya Nibia tana zaune ta cire takalmi, tana shan ruwan ɗumi da zuma. Ta ɗago ta ce da ƙarfi, "Yaya ka ji?"

"Ji kam ban ji ba. Amma na gani."

"To me ka gani?"

"Na ga yarinyar ta jira ki." Ya juya ga Maite. "Babban yatsanki yana leƙowa ta saman wuyan jita. Tun kina ƙarama nake faɗa miki."

Maite ta yi dariya, sai kuma ta rufe fuska da hannu tana kuka. Nibia ta ce kowa ya fita ta canza kaya, yunwa take ji.

Na'urar ta iso a tsakiyar Agusta. Ranar da aka sa masa ita ya ce firjinsu yana gurnani kamar tsohon kare, cokali a faranti kamar maƙera, ni kuma ashe muryata ta fi yadda yake tunawa muni. Hira ta dawo masa. Da ya sauko da jitar daga saman kwaba ya kaɗa, ya ce kamar ana buga gwangwani take. Likitar ta gyara na'urar sau da yawa, abin ya ɗan yi sauƙi, bai koma yadda yake ba.

Yanzu in wasan ƙarami ne, a gidan cin abinci ko bikin wani na gida, yakan kaɗa wa Nibia waƙa biyu ko uku daga farko, sannan ya miƙa wa Maite kujerar. In babban zaure ne ba ya hawa. Bai daina bina a mota ba, ko da yake ba ya ɗaukar abin da ya fi filas nauyi. Sau biyu ya koma wajen su Facundo, ya cire na'urar ya sa a aljihu, na ce zan gaya wa likita, ya ce in gaya wa shugaban ƙasa ma.

Da sanyi ya fara ja baya aka gayyaci Nibia wasa a Buenos Aires da ke ƙetaren kogi, wani da ya ji ta a babban gidan ne ya nema. Ta ce Heber ya zo su tafi tare, ya ce jirgin ruwa yana sa shi amai, wanda gaskiya ne. Muka kai ta tashar jirgi ita da Maite da safe. Ta yi ta jaddada masa inda ta ajiye miya da ranar da za a zo karɓar shara, yana cewa ya ji, ya ji. Muka tsaya har suka shige.

Da muka koma mota ya tambaye ni ina muka nufa. Na ce Palermo, akwai ganguna da za a kai wata makaranta. Ya ce to mu tsaya a hanya ya sayi burodi, bai karya ba.